Faten Kifin Gwangwani

Kwana shida ke nan ruwa bai ɗauke ba a Bakura. Markar bana ta zo da nauyi. Katangu sun sha ruwa har suna gumi, itace ya ƙi kamawa, tufafin da aka shanya cikin ɗaki sai warin danshi suke. Jiya da hantsi ina zaure ina duba littafi, matar ɗana ta buɗe gwangwanin kifi a tsakar gida za ta sa wa yara a burodi. Iska ta kwaso warin man nan ta kawo mani har inda nake zaune. Sai na ga haruffa sun daina tsayawa a idona. Na rufe littafin na ajiye.

Yanzu kifin gwangwani abin marmari ne, sai mai hali ke kai hannu gare shi. Jikokina rububinsa suke yi, har murfin sai sun lashe. Ba su san kakansu ba ya jin warinsa face gabansa ya faɗi ba. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, amma a irin wannan markar aka yi abin.

Sunana Haliru. A lokacin ban daɗe da gadon zauren mahaifina ba. Magidantan unguwa sukan zo ɗaukar karatu bayan la'asar, wasu su zarce har magariba. Al'adar gidanmu tun zamanin Baba ita ce, duk wanda magariba ta riska a zaure da shi za a ci tuwo. Na riƙe wannan al'ada da hannu biyu, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin a ce zauren Malam Haliru ba ya kwana da yunwa.

Cikin gida akwai mahaifiyata, Inna, wadda sanyin ƙashi ya nannaɗe wa yatsu har ba ta iya riƙe ludayi. Akwai matata Balki, 'yar Maradun, da 'ya'yanmu uku, ga kuma ciki wata bakwai. Sha'anin hatsi ba ruwana da shi. Idan kaka ta yi a sussuke, a zuba a buhuna, a jera a ɗakin ajiya, makulli ya koma bakin zanen Balki. Haka na taras Baba yana yi da Inna, haka na ci gaba. Ni dai nawa gona da safe, littafi da yamma, akushi da magariba.

Shekarar da ta gabaci waccan daminar tsuntsaye jan-baki sun sauka a kan gero daidai lokacin da ya fara ido. Muka yi ta kaɗa gwangwanaye muna ihu daga asuba zuwa faɗuwar rana, duk da haka rabin abin da muka saba samu muka kai gida. Sai aka ce ai damina mai zuwa za ta rufa asiri.

Ta zo da wuri kuwa. Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kowa ya fita da sungumi, aka yi shuka cikin murna. Shuka ta fito kore shar, ta kai tsawon yatsa, sai sama ta rufe bakinta. Kusan wata guda babu ɗigo. Rana ta dawo kamar ana tsakiyar bazara, ƙasa ta yi zafin da ko jaki sai ya riƙa ɗaga ƙafa. Kana tsaye a gona kana kallon ganye yana nannaɗewa, gobe ka dawo ka taras ya zama toka. Hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin, mu fito muna kabbara, iska ta zo ta watsa shi. Sau uku muka yi shuka a shekarar, kuma kowane iri daga cikin abincin gida ake ɗebo shi.

Da ruwan ya tashi dawowa sai ya dawo da fushi. Marka ta kafa, gero yana baya da wata guda, hatsi a kasuwar Talata kullum ƙara hawa yake. Mata suka bazama bayan gari suna tsinkar tafasa da rama. Da dare ba ka jin luguden taɓarya kamar da, sai gida ɗaya-ɗaya.

A daidai wannan lokacin ne zaurena ya cika. Da mutum huɗu ko biyar ke kaiwa magariba, sai suka koma takwas, suka koma goma sha biyu. Wallahi ni na ɗauka son ilimi ne ya ƙaru a unguwa. Har godiya nake wa Allah. Kuma kullum akushi uku ke fitowa daga cikin gida, tuwon dawa mai laushi da miyar kuka, ba a taɓa fashi ba. Idan na leƙa ta tagar ɗakin ajiya in ga buhuna biyar a tsaye, sai in ce albarkar ciyarwa ce.

Akwai wani abu da ya faru tun da bazara wanda ban ɗauke shi a bakin komai ba. Wani ɗan kasuwa daga Talata Mafara da na koya wa ɗansa karatu ya kawo mani kwali guda na kifin gwangwani, wasu sun lotse ba su sayuwa. Na yi masa godiya. Da ya tafi na yi dariya, na ce mu da gulbi ke kusa da mu, me za mu yi da kifin da ya shekara cikin ƙarfe? Na ce a shiga da shi cikin gida, na manta da batunsa.

Ranar wata Alhamis, da yake babu karatu, na dawo daga gona da hantsi ana yayyafi. Ina wanke ƙafa a ƙofar zaure ina jin sautin taɓaryar Balki, a hankali, bugu ɗaya sai an jima a ji na biyu. Sai sautin ya tsaya. Sai na ji muryar Inna, irin ƙarar da ban taɓa ji daga bakinta ba.

Na tarar da Balki kwance a gefen turmi, dawa ta watse cikin taɓo, kaji sun taru suna tsattsaga. Leɓɓanta fari fat. Na sunkuya na ɗauke ta, na shirya ƙarfina don ɗaukar mace mai cikin wata bakwai, sai na ji ta taso kamar damin kara. Har na kusa faɗuwa baya. 

A amalanke muka tura ta zuwa bakin titi, don a lokacin babu wayar da za ka kira mai mota ya zo ƙofar gida. Muka tsaya cikin ruwa, na lulluɓe ta da babbar rigata, har Allah ya kawo wata a-kori-kura mai zuwa Talata Mafara.

A asibiti wata malamar jinya ce ta karɓe ta, mace mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta ja fatar idon Balki ƙasa, na ga cikin fari kamar auduga. Ta danna mata ƙwauri da babban yatsa, ta ɗaga, ramin ya zauna bai taso ba. Ta juyo.

"Kai ne mijinta?"

Na ce ni ne.

"Mi taka ci a gida?"

"Tuwo mana. Abin da muka ci shi taka ci."

Ta daɗe tana kallona. "Malam, wagga mata yunwa ce gare ta. Kuma ba ta jiya ba ce, ba ta shekaranjiya ba ce. Jininta ya ƙare."

Raina ya ɓaci. Na ji kamar ta mare ni a gaban jama'a. Na ce, "Yunwa? A gidana? Baiwar Allah, ki tambaya a Bakura. Mutum goma sha biyu ke cin tuwo a zaurena kullum ta Allah."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To ita ba ta cikinsu."

Ta ci gaba da aikinta ta bar ni tsaye. Ban san iya lokacin da na yi a wurin ba. Na tuna dai an ɗebi jinina an ƙara mata, na tuna na ba wani direba saƙo zuwa Maradun. Washegari da safe yayarta, Yaya Hauwa, ta iso. Na gaishe ta, ta amsa da kalma ɗaya. Ta shiga ta ga ƙanwarta, ta fito idonta ja. Ta miƙo mani makullin da ta kwanto daga bakin zanen Balki ba tare da ta dube ni ba.

"Tahi gida ka ga yara. Ni ina nan."

Bayan sallar Juma'a na iso Bakura, ruwa na zuba. Ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar ɗakin ajiya. Na buɗe. Buhuna biyar suna tsaye kamar yadda na saba gani, har na fara sauke ajiyar zuciya, na ce a raina malamar nan ba ta san abin da take faɗa ba. Na ɗora hannu a kan na farko, sai ya tafi luu ya faɗi. Na kwance bakinsa. Ƙaiƙayi. Na biyu ƙaiƙayi. Na uku ƙaiƙayi da tsummoki. Na huɗu dusa ce rabi. Na biyar na zura hannu har kafaɗa kafin na taɓo dawa a can ƙasa, ba ta fi tiya biyu ba.

Na fito kamar wanda aka buga wa taɓarya a ka, na shiga ɗakin Balki. Rabona da shiga ɗakin da rana na manta. Bangon da kwanoninta na aure suke jere babu ko ɗaya, sai zagayen sawunsu a jikin farar ƙasa. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Gwangwanaye ne, wankakku tas, an jera su layi-layi, wani kan wani. Na jawo kwalin nan na ɗan kasuwa. Saura uku a ciki.

"Haliru."

Na daskare. Ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Sai dai ta ce "kai wanga", ko ta aiko yaro. Ina da shekara talatin da biyar ran nan na fara jin sunana a bakinta.

Tana zaune a kan tabarma a bakin madafi, yaran uku sun rakuɓe a jikinta.

"Ka gani?"

"Na gani, Inna."

"To zo ka hura wuta. Yaran ga tun kunun da maƙwabta suka ba su da sahe ba su sa komi a ciki ba. Ni hannuna ka san yadda shike."

Na durƙusa a gabanta. "Inna, kina cikin gidan ga, kina gani. Mi ya hana ki hwaɗa mani?"

"Roƙona ta yi. Ta ce Malam na da mutunci a gari, kada a ji zaurenai ya mutu a hannunta." Ta dubi yatsunta. "Ni ma haka na yi ma ubanka, shekarar da aka haihe ka. Sai na ga kamar haka aka yi mu, mu mata. Tashi, magana ba ta cika ciki."

Ban taɓa hura wuta a murhu ba. Itacen duk ya jiƙe. Inna ta ce in zaro kara daga cikin danga, ta ƙasa inda ruwa bai kai ba. Na ƙare ashana wajen shida kafin ya kama. Hayaƙi ya cika mani ido, na ji daɗin haka, don yara ba su gane abin da ke zubo mani ba.

"Ɗora babbar tukunya. Zuba ruwa."

Na zuba kamar rabi.

"Ƙara."

Na ƙara.

"Ƙara har wuya."

"Inna, ruwan bai yi yawa ba?"

"Ruwan shi ne abincin."

Ta nuna mani wata ƙwarya da aka rufe da faifai a kan randa. Na buɗe, tsaki ne gauraye da dusa.

"In ta niƙo dawa ta tankaɗe, garin shi ne tuwonku na zaure. Abin da ya tsaya bisa rariya shi ne namu."

Na tsaya riƙe da ƙwaryar. Wata biyu ina cin abin da ya ratsa rariya, ina lashe yatsa, ina ce wa baƙi su ƙara, uwata da matata da 'ya'yana suna rayuwa da abin da ya maƙale a sama.

"Kada ka tsaya, ruwa ya kusa tahwasa. Ɗauko gwangwani guda."

Irin gwangwanin nan ne mai ɗan makulli da ake naɗe murfin da shi, amma makullan sun ɓace. Inna ta ce Balki da wuƙa da dutse take buɗewa. Na kafa wuƙa na buga, murfin ya yage ya yanke ni a babban yatsa. Kifi uku ne a ciki, ƙanana, babu kai, kwance cikin mai. Uku. Na ƙirga mutanen gidan a zuciyata: Inna, Balki da abin da ke cikinta, yara uku.

"Tsiyaye man a tukunya tukuna. Yauwa. Kihin kuma sa shi a ƙoƙo ka murje da bayan ludayi. Murje shi sosai har ya ɓace, kada a ga tsoka. In an ga tsoka yara hwaɗa suka yi."

Na murje shi har ya zama kamar ƙullu, na juye.

"Ɗauraye gwangwanin ka zuba. Sake. Sake, sau uku taka yi."

Ta sa na gutsuro rabin daddawa na marmasa, da ɗan barkono da gishiri. Sannan tsaki, tafin hannu uku, ba a juyewa gaba ɗaya, barbaɗawa ake yi da hannun hagu ana juyawa da na dama don kada ya yi gudaji. Na fita bayan ɗaki cikin ruwa na tsinko tafasa da ɗan ganyen yakuwa, na yayyaga da hannu na watsa. Tukunya ta yi ta ɓararraka, man kifin ya taso sama ɗigo-ɗigo yana ƙyalli, warinsa ya cika madafin.

Ban kai in karanta hizifi guda ba Inna ta ce in sauke, ya yi.

"Har ya nuna?"

"Don saurinai taka yin shi. Kuna tahiya masallaci da magariba ta ɗora, kahin ku dawo an sha an wanke tukunya. Ko wari ba ka ji."

Fate ne, amma ba irin wanda na sani mai kauri da ake ci da cokali ya tsaya ba. Wannan idan ka ɗaga ludayi zuba yake kamar ruwan wanki. Inna ta nuna mani ƙoƙon kowa. Ludayi biyu-biyu ga yara, ɗaya da rabi gare ta.

"Da hwarko gwangwani guda a yini. Da ya ja baya sai ta koma rabi, ta kihe sauran a gindin randa don sanyi."

"Balki fa? Ina ƙoƙonta?"

Inna ta dubi tukunyar.

"Ita ke ɗauraye tukunya."

Na zauna a ƙasa, cikin jiƙaƙƙen toka, da babbar rigata a jikina.

Yaran suka sha shiru, babu mai kallon wani, kowa ya kare ƙoƙonsa da hannu. Ƙaramin ya gama ya sa yatsa yana sharce gefe. A lokacin na ga wuyan hannunsu, na ga gashin kansu ya yi ja-ja. Kullum ina ganin yaran nan, suna gaishe ni da safe, ina shafa kansu. Babbar, Nana, mai shekara tara, ta ɗago ta dube ni.

"Baba, yau kai ma namu za ka sha?"

Na ɗebi rabin ludayi na kai baki. Ruwan zafi ne mai ƙarnin kifi da tsamin yakuwa, tsaki yana ɗan taɓa haƙori. Ba shi da muni. Amma yana sauka ciki ka ji kamar ba ka sa komai ba.

Aka kira magariba. Daga madafi ina jin takalma suna taruwa a ƙofar zaure, ana kakkaɓe laima, ana gaisawa. Sun ji labarin Balki, sun zo jaje, kuma na san sun zo da cikinsu. Bayan mun idar da salla na koma cikin gida, na sake cika tukunya da ruwa, na fasa gwangwani na biyu. Inna tana kallona. Wannan karon ban tambaye ta ko abu ɗaya ba.

Na ɗauko tukunyar da tsumma, da baƙinta da komai, na kai tsakiyar zaure na dire. Mutum goma sha biyu suka bi ta da ido. Ba su taɓa ganina ɗauke da ko moɗa ba.

Aka yi gaisuwa, aka tambayi mai jiki, na amsa. Sannan na ce, "Jama'a, yau babu tuwo. Kuma ba yau kaɗai ba. Hatsin gidan ga ya ƙare tun wata biyu, ban sani ba sai yau. Tuwon da muka ci, kwanonin matata muka ci. Likita ta ce yunwa ta kayar da ita. Wanga da kuka gani cikin tukunya, shi iyalina ka sha tun hwarkon damina."

Babu wanda ya motsa. Ruwa na dukan rufin kwano. Wani ya ce innalillahi a hankali, wani ya sunkuyar da kai har rawaninsa ya taɓa gwiwa.

Malam Jibo ladan, wanda ya girme mu duka, abokin mahaifina ne, ya matso. Ya ɗaga ludayin, ya duba abin da ke ciki a hasken fitila, ya kurɓa. Ya daɗe yana juya shi a baki. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Malam, wanga shi nika baro ma iyalina kullum in taho nan. Sai dai namu babu kihi."

Ya ajiye ludayin.

"Kai kana ganin karatu ya kawo mu. Karatun muna so, Allah ya sani. Amma muna zowa ne don baki guda ya ragu a gida. Mun ɗauka kai kana da shi. Ashe daga bakin mai ciki muka ɗauka."

Sai ya fashe da kuka, tsoho mai furfura, a gaban sa'annin 'ya'yan cikinsa. Wani daga gefe ya ce matarsa ta taɓa gaya masa an ga dillaliya ta fito da kwanoni daga gidana, shi ya zaci sababbi za a sake. Wani ya ce tasa matar ta sha ce masa ya rage zuwa cin tuwon gidan Malam, ya yi mata tsawa. Sai muka gane babu macen da ba ta sani ba a unguwar. Mu maza goma sha uku, masu littattafai a gaba, mu kaɗai ne ba mu sani ba.

Babu wanda ya ƙara taɓa tukunyar. Malam Jibo ya ce a raba a kai wa gidajen da ke da masu ciki da masu goyo. Haka aka yi, a ƙoƙuna, cikin ruwa.

Ranar Talata na kai kekena da babbar rigar Baba kasuwa, na dawo da dawa. Na daina fitar da akushi. Karatu ya koma daga la'asar zuwa kiran sallar magariba, kowa ya tafi gidansa. Ni ke hura wuta, Inna na ba da umarni, tukunya ɗaya muke ci ni da yara. Mutanen zaure suka yi mani gayyar noman maimai a gona ba tare da na roƙa ba, kuma ba su yarda an dafa masu komai ba. Kowa ya zo da ɗan rogonsa a aljihu.

Kwana tara da kwantar da Balki naƙuda ta zo mata, saura wata biyu lokaci ya yi. Namiji ne. Bai yi kuka ba. Yaya Hauwa ta miƙo mani shi a cikin ɗan ƙyalle, na karɓa da hannu biyu, sai na ga hannu ɗaya ma ya isa. A Talata Mafara muka rufe shi, ƙasa jiƙe, ramin bai kai tsawon kamu biyu ba.

Balki ta ƙara mako biyu kafin aka sallame ta. Ranar da muka dawo Bakura marka ta yanke, rana ta fito, gero ya fara nuna. Ko'ina ka bi ƙamshin tumu ake gasawa, yara na yawo baki duk baƙi. Mata suka yi ta shigowa yi mata sannu har azahar.

Da gida ya yi shiru na same ta zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana shan ranar yamma, ta miƙe ƙafafu, Nana na tsefe mata kai. Na ce wa Nana ta ba mu wuri. Na zauna a ƙasa kusa da ita, abin da ban taɓa yi ba. Na daɗe ina shirya maganar tun a asibiti, amma da na buɗe baki abu ɗaya ne ya fito.

"Balki, don Allah mi ya hana ki hwaɗa mani?"

Ta juyo ta dube ni. Babu fushi a fuskarta, sai mamaki, kamar ba ta gane tambayar ba.

"Na hwaɗa maka, Malam. Sau biyu."

"Yaushe?"

"Ranar da aka yi shuka ta uku, na ce maka hatsi ya ja baya. Da ranar da baƙi suka kai goma, na tare ka a bakin rijiya na ce ko za a rage akushi guda." Ta gyara ɗankwalinta. "Ka ja mani aya."

Na buɗe baki in ce ban tuna ba, sai ga ranakun sun dawo mani duka biyu, ɗaya bayan ɗaya. Na tuna inda take tsaye, da guga a hannunta. Na tuna ayar, wadda ta ce babu wata dabba a ƙasa face arzikinta yana ga Allah, na tuna har fassara ta na yi mata, da murmushi, ina sauri kada in makara zaure.